Shekara Uku Albashina Bai Motsa Ba, Mai Kamfanin Kuma Aminin Mahaifina Ne

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne ɗan shekara 31, ina zaune a Kano da matata da 'ya'ya biyu. Tun 2021 nake aiki a wani ƙaramin kamfanin ruwan leda, mu goma sha huɗu ne har da direbobi da maigadi. An ɗauke ni ne don in riƙa rubuta shige da ficen kuɗi, a kan naira 35,000, da baki kawai, babu wata takarda. A 2022 aka mai da shi 45,000, daga nan bai sake motsi ba. Wata goma sha huɗu ke nan da mai kula da sito ya bar aiki. Albashinsa 30,000 ne, ba a ɗauki wani ba, aka haɗa mini aikinsa. Yanzu ni ke buɗe wuri da ƙarfe bakwai, ni ke ƙirga leda da man janareta, ni ke karɓar kuɗin direbobi da yamma. Adaidaita sahu kaɗai tana cin kusan 20,000 a wata.

Damuwata ita ce mai kamfanin aminin mahaifina ne, Baba Alhaji nake kiransa. Shi ya biya kuɗin asibiti da aka yi wa matata aiki. Duk azumi yana ba ni shinkafa da sukari, da Sallah kuma yana yi mini alheri. Sau uku ina shiga ofishinsa da niyyar yin maganar ƙarin albashi, sai in ƙare da gaisuwa in fito. Wani abokin aikina ya ce tunda littafi a hannuna yake, in riƙa taimakon kaina kawai. Wani ya ce in ce masa na samu aiki a wani wuri. Matata kuma ta ce in tura mahaifina. Malam, yaya zan yi in nemi ƙarin nan ba tare da an ce na yi butulci ba?

Ɗanka, daga Kano.

Wa'alaikumus salam, ɗana. Na karanta wasiƙarka, kuma kafin komai bari in fara da wurin da ya fi tayar mini da hankali, wato shawarar abokin aikinka na farko. Ka toshe kunnenka daga gare ta, kuma ka rage zama da shi. Irin wannan abu ba ya zuwa da sunan sata. Yana zuwa ne da sunan aro: yau an ɗauki dubu biyu a cikin kuɗin direba za a mayar ƙarshen wata, gobe jaka goma ta fashe a takarda alhali ba ta fashe a mota ba. Kafin mutum ya farga ya zama bawan wanda ya san asirinsa, domin direban da ya ga ka yi sau ɗaya ba za ka sake iya tambayarsa cikon kuɗi ba. Amanar nan ita ce duk jarinka a wannan gida, kuma ita ce hujjarka mafi ƙarfi ranar da za ka zauna gaban Alhaji. Amma zan faɗa maka gaskiya: mutumin da miliyoyi ke ratsa hannunsa a wata, ya koma gida ya tarar babu na cefane, yana tsaye ne a bakin rami ko da zuciyarsa tsarkakakkiya ce. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ka daina jinkirta maganar.

Sai batun nauyin da kake ji. Na fahimce shi, kuma ban raina shi ba. An raine mu a kan kada yaro ya dubi idon babba ya yi maganar kuɗi, balle babban da ya tsaya maka ranar da matarka ke kwance a gadon asibiti. Wannan tarbiyya ce mai kyau. Sai dai ka haɗa abu biyu a ƙwarya ɗaya, shi ya sa bakinka ke yin nauyi. Akwai alherin da Alhaji yake yi wa ɗan amininsa, akwai kuma ladan da mai kamfani yake biyan ma'aikacinsa. Na farko kyauta ce, godiya da addu'a da riƙon zumunci ake biyanta da su har ƙarshen rayuwa. Na biyu ciniki ne, ƙarfinka da lokacinka ka sayar, kuma ciniki in kaya sun ƙaru ana sake zama a kansa. Shinkafar azumi ba za ka iya kai wa mai gidan haya lissafinta ba, ba za ka iya shiga adashi da ita ba, domin ba ka san ranar zuwanta ko yawanta ba. Magidanci yana gina gidansa ne a kan abin da ya tabbata zai shigo ƙarshen wata.

Addininmu ma bai ɗauki maganar lada abin kunya ba. A cikin Suratul Ƙasas, da Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya isa Madyana, dattijon da ya ɗauke shi aiki a fili ya yanka masa sharaɗi: shekara takwas, in ya cika goma wannan daga gare shi ne. Ga surukuta a tsakani, ga mutunci, amma aka faɗi adadi. Abin da 'yar dattijon ta yabe shi da shi kuwa abu biyu ne, ƙarfi da amana. Annabi Yusuf ma da bakinsa ya gaya wa sarki a ɗora shi a kan taskokin ƙasa domin shi mai tsarewa ne, masani. Saboda haka faɗin abin da ka iya, a inda ya dace, ba yabon kai ba ne. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito kan a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, na tabbata Alhaji ya san shi. Kada dai ka je ka karanta masa, domin ba wa'azi ya kai ka ba.

Akwai abin da nake so ka sani tun yanzu don kada wani ya zuga ka da shi. A Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, gwamnatin Kano ma ta sanar da 71,000 ga ma'aikatanta. Za ka ji mutane na cewa duk wanda ke biyan ƙasa da haka ya karya doka. A wurinku ba haka ba ne. Dokar ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, haka nan masu aikin kamasho da waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka yi. Ku goma sha huɗu ne, don haka ba ta hau kan Alhaji ba. Dokar fansho ta 2014 ma, wadda ta ce mai kamfani ya zuba kashi 10 ma'aikaci ya zuba kashi 8, a kan masu ma'aikata 15 zuwa sama ta fito ƙarara. Idan ka shiga kana cewa doka ta ce, zai iya rufe maka baki da jimla ɗaya, kuma ka sa zancen ya koma shari'a tsakanin ɗa da uba. Amfanin 70,000 ɗin nan a wajenka shi ne ma'auni: ƙasa da kanta ta yarda cewa abin da bai kai haka ba ba ya riƙe mutum, kai kuwa kana ƙasa da shi da dubu ashirin da biyar, kana aikin mutum biyu.

Tsadar rayuwa kuwa ba sai ka yi masa dogon bayani ba, tare kuke cikinta. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Cikin wata biyu ta haura 600, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haye 1,500 a 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, wato abin da ka saya naira ɗari a Disambar 2023 ya koma kusan 135 a lokacin, kuma wannan na shekara ɗaya ne kawai cikin ukun da albashinka ya yi a tsaye. Dubu arba'in da biyar ɗin 2022 sunanta ne kawai ya rage. To amma ka lura, wannan wuƙa ce mai baki biyu. In ka ce masa mai ya yi tsada, zai ce maka shi ma man gas na janareta da na motoci ya yi tsada, ledar da ake ƙulla ruwan tana bin dala, kuɗin wuta ya tashi, ga sabunta rajistar NAFDAC, ga masu haraji. Kuma gaskiya zai faɗa, kai ne ma shaida tunda kai ke rubutawa. In aka tsaya a nan, za ku yi ta jajanta wa juna har a kira sallah, ka fito hannu rabbana.

Saboda haka kada tsadar rayuwa ta zama ginshiƙin maganarka, kada kuma ta zama kukan haya da kuɗin makaranta. Mai kuka tausayi yake samu, tausayi kuma a wurin mutum irin Alhaji yana nufin ya sa hannu a aljihu ya ba ka dubu ashirin ya ce ka rage zafi. Za ka yi godiya, wata mai zuwa ka koma inda kake, kuma bakinka ya ƙara nauyi. Ginshiƙin maganarka yana cikin wasiƙarka, ka rubuta shi ka wuce kamar ba komai ba: mai sito ya tafi, aikinsa ya dawo kanka, albashinsa na 30,000 bai biyo aikin ba. Wannan kuɗi ne da kamfanin ya saba fitarwa duk wata, bai kuma durƙushe ba lokacin da yake fitar da shi. Wata goma sha huɗu sau dubu talatin, naira 420,000 ke nan da ta zauna a kamfani saboda kai ka ɗauki kayan. Ba na so ka faɗa masa wannan jimillar, za ta yi kama da kana bin sa bashi. Na lissafa maka ne don zuciyarka ta natsu cewa ba roƙo za ka je yi ba.

Daga nan adadin da za ka nema ya fito da kansa: 45,000 da 30,000, wato 75,000. Ka je da adadi a bakinka. Wanda ya ce "a ɗan duba ni" ya bar wa mai dubawa ya yanke, kuma dubu biyar ma dubawa ce. Kafin ranar, ka ɗan bincika a hankali nawa masu irin aikinka suke karɓa a kamfanonin ruwa biyu ko uku, direbobinku suna haɗuwa da nasu a hanya, masu kawo muku leda ma suna shiga ko'ina. In ka ji ana biyan fiye da haka, ka san inda kake tsaye. In ka ji ƙasa da haka ake biya, ka sassauta tsammaninka. Sannan ka yanke wa kanka, kai kaɗai, mafi ƙanƙantar abin da za ka karɓa da zuciya ɗaya. A ganina duk abin da bai kai 65,000 ba bai taɓa matsalar ba, amma kai ka san ɗakinka da inda yake yoyo.

Ka samu takarda guda, fuska ɗaya, ka rubuta aikin da aka ɗauke ka dominsa a 2021, a ƙasa kuma aikin da kake yi yau. Ka sa abin da za a iya taɓawa. In akwai lokacin da ka gano gibi a lissafin wani direba, ko ka kama nauyin leda bai cika ba ka sa aka mayar, ko bashin wani dila da ka bi har ya fito, ko jakunkunan da ke ɓata a sito sun ragu tun da makulli ya dawo hannunka, ka rubuta da wata da adadi. Masu ƙananan kamfanoni sukan san cewa yaro yana da ƙoƙari, amma ba su cika zama su auna ƙoƙarin da naira ba, saboda abin da ke tafiya daidai ba ya jan hankalin kowa. Janaretan da ya lalace shi ake tunawa.

Abu ɗaya kuma kada ka kuskura ya fito daga bakinka: "Ai na san abin da ake samu." Littafin amana aka ba ka, ranar da ka mai da shi makami ranar ce Alhaji zai fara tunanin karɓe shi. Ƙari a kan haka, kuɗin da ke shigowa ba shi ne riba ba. Mai yiwuwa akwai bashin mota ko na injin da yake biya daga wani aljihun da ba ka gani.

Shawarar maiɗakinka tana da hankali a ciki, domin haka muka saba, babba ake turawa wajen babba. Amma a wannan karon ban goyi baya ba. In mahaifinka ya je, maganar ta tashi daga ladan aiki ta koma alfarma. Alhaji zai iya ƙarawa don kunyar amininsa, ya riƙe abin a ransa, ya riƙa ganin ka kai ƙararsa gida. In kuma ya ce babu hali, ka jefa tsakuwa cikin amincin da wataƙila ya girme ka. Abin da ya kamata shi ne ka je ka sami mahaifinka ka sanar da shi niyyarka, ka nemi albarkarsa, ka roƙe shi kada ya ce komai sai in Alhaji ne ya tayar da zancen. Hakan zai hana ya ji labari a bakin wani, kuma ba mamaki ya gaya maka halin amininsa da ba ka sani ba: lokacin da ya fi sauƙin kai, da irin kalmar da ba ya so. Shi kuma Alhaji, ranar da ka zo da ƙafarka ka yi magana cikin ladabi, ranar zai fara kallonka a matsayin magidanci.

Lokaci yana da muhimmanci ƙwarai a sana'arku. Ka fi ni sanin cewa ruwan leda kasuwarsa bazara ce, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da mota ke fita sau uku ta dawo wayam, da kuma azumi in ya faɗo cikin zafi. Da damina ciniki yakan ja baya, da hunturu kuwa jakunkuna sai su yi kwanaki a jibge. Wanda ya nemi ƙari cikin sanyin Janairu ya nemi a ce masa babu, kuma a faɗa da gaskiya. Ka bari sai kasuwa tana ja. In wasiƙar nan ta same ka a lokacin da ciniki ya kwanta kuma ba za ka iya jira ba, ka yi maganar yanzu amma ka nemi ƙarin ya fara aiki daga watan da kasuwa za ta buɗe. Kada ka yi ta ranar biyan albashi, lokacin da kuɗi ke fita yana ji a jikinsa. Kada ka yi ranar da injin ya tsaya ko aka kama mota. Kada ka yi a gaban kowa, ko da ɗansa ne, kada kuma ka tura saƙon WhatsApp. Gidansa ma ban so ka je ba, domin a can kai ɗa ne da ya zo gaisuwa, za a kawo maka abinci zance ya narke. Ofis ya fi, bayan la'asar, ranar da ka miƙa masa lissafi mai daɗi.

Sau uku ka shiga ka fito saboda kana jiran zancen ya kawo kansa, ba zai kawo ba. Ka ɗaure kanka tun da safe: "Baba, in ka samu sarari yau ko gobe, ina so in gan ka minti goma a kan aikina." Da ka faɗi haka ka rufe wa kanka ƙofar gudu, shi ma ka ba shi damar shiryawa. In kun zauna, ga kwatankwacin abin da za ka ce, ka sa shi a bakinka yadda ya fi maka sauƙi:

"Baba, da farko ina godiya. Abin da ka yi mini lokacin rashin lafiyar iyalina ba zan manta ba har abada, kuma maganar da zan yi ba ta shafi wannan ba. A kan aiki ne. An ɗauke ni a kan littafi, yanzu wata goma sha huɗu ina haɗawa da sito da karɓar kuɗin direbobi, ga shi na rubuta. Ina jin daɗin aikin, a nan nake so in ci gaba. Ina roƙon a mai da albashina dubu saba'in da biyar."

Daga nan ka yi shiru. Wannan shirun shi ne wuri mafi wuya, kuma a nan yawancinmu muke rushe abin da muka gina. Alhaji zai yi jim, wataƙila ya duba waya, wataƙila ya ja carbi. Zuciyarka za ta ce ka cike gurbin, sai ka ji bakinka yana cewa "amma in babu hali ba komai." Kada ka faɗa. Ka sunkuyar da kai cikin ladabi ka jira, nauyin amsa a kansa yake.

Na san wannan ne domin na taɓa faɗawa. Ina saurayi na yi aiki a wani shago, na shekara biyu ina haɗiye maganar da minti biyar ta isa a gama ta. Kullum ina cewa maigida yana gani, zai yi da kansa. Abin ya taru ya zama ƙulli, har na fara ganin baƙinsa a kan abubuwan da ba laifinsa ba ne. Wata ranar biyan kuɗi, a gaban yara da masu sayayya, na fashe na faɗi maganganun da har yau in na tuna sai na ji ba daɗi. Ya dube ni ya ce, "Me ya hana ka gaya mini tun tuni?" Ban samu ƙarin ba, na rasa aikin, kuma mutumin da ya riƙe ni kamar ƙaninsa muka shekara ba ma gaisawa sai sama-sama. Shirun da na ɗauka ladabi ne shi ya kai ni ga rashin ladabin. Ina jin ƙanshin irin wannan ƙullin a wasiƙarka, shi ya sa nake matsa maka.

Amsar da na fi zato ita ce, "To, za mu duba in sha Allahu." Ka karɓa da godiya, amma kada ka tashi ba rana. Ka ce, "Na gode Baba. In tuna maka ƙarshen watan nan?" In ya amsa, to ranar ka tuna masa, kada kunya ta dawo. Zai iya cewa, "Ai kai ɗa ne a gidan nan, wurin nan naku ne." Ka ce haka ne, shi ya sa ka kawo kukanka gida ba ka kai waje ba. In kuwa ya ɗaga murya ko ya ambaci asibiti, kada ka mayar, kada kuma ka janye. Ka ba shi haƙuri in lafazinka ya yi masa zafi, ka yi sallama, ka zo aiki washegari da wuri kamar kullum. Manya da yawa sukan yi faɗa a ranar farko don ba su zata ba, bayan kwana biyu su kira ka da kansu.

Zai yiwu kuma ya ce maka da gaske babu hali, kuma abin da yake tsoro ba dubu talatin ɗinka ba ce, sauran mutum goma sha uku ne da za su yi layi in sun ji. Wannan tsoro ne na gaskiya ga mai ƙaramin wuri. A nan hujjar sito za ta taimake ku duka biyu, domin ƙarin na aikin da aka haɗa maka ne, ba wanda zai ce shi ma an haɗa masa. Ka tabbatar masa maganar za ta tsaya tsakaninku, ka kuma cika. Sannan ka buɗe masa wasu ƙofofin. Ana iya raba ƙarin biyu, rabi yanzu rabi bayan wata uku. Ana iya ware maka kuɗin mota daban. Ana iya saya maka babur a riƙa cira a hankali, tunda kusan rabin albashinka a hanya yake ƙarewa, ko motar kamfani da ke bi ta wajen unguwarku ta riƙa ɗaukarka. Ana iya sa maka ɗan kamasho a kan duk sabon dilan da ka kawo. Mai kamfani sau da yawa ya fi samun sauƙin bayar da irin waɗannan a kan ya taɓa adadin albashi. In kuma duk bai yiwu ba, to ka roƙi a ɗauki mai sito a sauke maka kayan, ka samu yammacinka ka nemi wani abin da za ka haɗa da shi. Aikin mutum biyu a kan ladan mutum ɗaya ba zai zama dindindin ba.

Duk abin da kuka tsayar, a rubuta. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa, kai kuwa shekara huɗu babu. Ba sai ka tayar da wannan da sunan doka ba. Tunda kai ke riƙe da littafin albashi, ka shigar da sabon adadin da watan da zai fara, ka kai masa ya sa hannu kamar yadda yake sa wa sauran lissafi. Ba don ana zargin Alhaji ba, sai don yau da gobe sai Allah, wata rana 'ya'yansa ne za su zauna a kujerar, su kuma takarda za su tambaya.

Shawarar abokinka na biyu, ta ƙaryar samun wani aiki, ba ta da tsawon rai. Masu kamfanonin ruwa a gari ɗaya sun san juna, waya ɗaya ta isa. Kuma in Alhaji ya ce "Allah ya sa alheri, yaushe za ka tafi?" me za ka ce? Ka saki reshe ka kama ganye. Amma neman wani aikin na gaskiya, a natse, ba butulci ba ne, kuma in wata uku suka wuce bayan maganarku babu ƙari, babu rana, babu sauƙin aiki, ina ba ka shawara ka fara. Wanda ya iya littafi, ya iya sito, kuma aka shaide shi da amana shekara huɗu, ba zai rasa mai so ba a garin kasuwanci irin Kano. In ta kai ga tafiya, doka ta ce wanda ya yi tsakanin shekara biyu zuwa biyar ya ba da notis na mako biyu. Kai ka ba da wata guda saboda abin da ke tsakaninku, ka koya wa wanda zai gaje ka, ka miƙa littafi da makulli a ƙirge a gaban shaida, ka ci gaba da zuwa gaishe shi da Sallah kai da iyalinka.

Ranar Juma'ar nan ka je wajen mahaifinka. Daren ranar ka zauna da maiɗakinka ku rubuta takardar nan tare, ka karanta mata maganar da za ka faɗa da ƙarfi har sai "dubu saba'in da biyar" ta daina maƙale maka a wuya. In kun gana da Alhaji ka sake rubuto mini abin da ya ce, ko mai daɗi ko akasinsa, mu duba mataki na gaba. Allah ya ƙara wa iyalinka lafiya, ya sa ka same shi cikin farin ciki.